Sunan Yaya Haliru a Cikin Kwalba

Zuwa ga maigidana Malam Sanusi, Baban Inno,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda mai rai ke yi wa wanda ya riga shi, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa kana cikin ni'ima. Ni ce Rabi matarka, daga ɗakin da ka bar ni a gidanku na gado a Gwandu. Takaba ta kusa ƙarewa. Ɗiyarka Inno tana lafiya, sai dai surutun nan nata da ka sani ya ragu.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Masu karantawa su ne waɗanda ke bibiyata a waya, da mutanen Gwandu da Kalgo da labarinka ya isa kunnensu a karkace. To su karanta. Da kai nake magana, amma da gangan na bar ƙofa a buɗe.

Malam, a garin nan yanzu cewa ake yi kai matsafi ne. Ana cewa kai ka ɗaure ƙafar yayanka Haliru, mutumin da ya rene ka. Abin da ya fi ci mini rai, shi ma Yayan ya yarda. Kai kuma kana inda ba ka iya cewa uffan, don haka ni zan faɗa.

Ka tuna ranar da ka fara nuna mini abar nan? Ina amarya, mun je gonar gidanku a Kambaza, ka ɓamɓaro ɓawon wani tsohon marke, ka ƙwala mini kira sai ka ce zinari ka tsinta. Na duba ban ga komai ba. Sai da ka miƙo mini ɗan gilashinka mai ƙara girman abu na ga wata halitta da ba ta fi ƙwayar riɗi ba, da hannuwa biyu masu almakashi irin na kunama, tana ja da baya a guje. Na cire takalmi zan make ta. Ka riƙe mini hannu ka ce, "Dubi bayanta tukuna. Ina ƙarin?" Ba wutsiya, ba ƙari, bayanta a dunƙule yake irin na kuɗin cizo.

Ka ce a littattafanku kunamar ƙarya ake ce mata, kuma ita ce aikinka a makarantar da kake koyarwa a Kalgo. Na ce shi ke nan, kowa ta auri mai kiwon shanu, ni na auri mai kiwon ƙwaro, Allah ya ba ni haƙuri. Ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Tun daga ranar ka mai da ni ɗaliba ba tare da na nema ba. Ina tuƙin tuwo, kana tsaye a bakin madafa kana jera mini asalinsu. Wai su da gizo-gizo da kaska da kunamar gaske dangi ɗaya ne, duk masu ƙafa takwas, ba a lissafa su da ƙuda ko fara masu ƙafa shida. Cikin dangin nan kunamar ƙarya zuriya ce mai zaman kanta, zuriyar kuma ta rabu gida-gida. Gidan da ka ba wa rayuwarka shi ne wanda kake rubutawa Withiidae, sunan da har yau in na faɗa sai Inno ta gyara mini.

Na taɓa tambayarka yadda mutum zai raba gida da gida a abin da ido ma da ƙyar yake gani. Ka ce sai an kwantar da ita a ƙarƙashin babban madubi mai ƙara girman abu an dubi yatsun almakashin. Wani gidan dafinsa a yatsan da ke motsi yake, wani a wanda ba ya motsi, naka kuwa a duka biyun. Amma akwai wani gida maƙwabci da shi ma haka yake, saboda haka sai a kifar da namijin a dubi cikinsa. 'Yan gidanka suna da wasu gajerun gashi a cure wuri-wuri a ƙasan ciki, da su ake gane su, yadda ake gane mutum da tsagar fuskarsa. Dafin kuwa na ƙananan ƙwarin da suke ci ne, ba ya yi wa ɗan Adam komai. Na sha ganinka da ita a tafin hannu kana magana.

Ka ce sun fi yawa a ƙasashe masu zafi irin tamu, kuma iri-iri ne cikin gida ɗayan, kowane da mazauninsa. Akwai na ƙarƙashin ɓawon itace, a shafe suke don su shige matsi. Akwai na cikin busassun ganye, da na ƙarƙashin dutse, da na sheƙar tsuntsu. Akwai wadda ta zaɓi rumbu, tana cin ƙananan ƙwarin da ke ɓata hatsi, har buhuna suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa. In wuri ya ishe ta sai ta kama ƙafar ƙuda ko buzuzu da almakashinta, ya tashi da ita. Wannan ya fi ba ka dariya, kana cewa ba a taɓa yin fasinja marar kunya irinta ba.

Abin da ke damunka shi ne namu na nan kusan ba wanda ya tsaya ya dube su. Don haka duk ranar da ba aiki sai ka ɗaure buhu a bayan mashin ka nufi Dangoma ko Malisa. Rariyata nawa ka sace, Malam? Ina neman ta zan tankaɗe gari, sai in iske ka a tsakar gida kana rairaye shara a kan farin zanena, ka duƙa kana jiran wani ɗigo ya motsa.

In ka kama sai ka sa a 'yar kwalba mai sifirit, ruwan nan da ake goge wurin allura da shi a asibiti, don kada ta ruɓe. Sannan ka yanki 'yar takarda ka rubuta da fensir, don ka ce tawada narkewa take yi, ka tura ta cikin kwalbar tare da ita. Kullum maganarka ɗaya: "Wadda ba a san inda aka samo ta ba, shara ce." Shi ya sa ba ka tsaya ga sunan gari ba. Ɓawon gawo, Dangoma. Akurkin Malam Audu, Malisa. Rumbun Yaya Haliru, Kambaza. Wai don wani mai bincike ya zo bayanka ya san ƙofar da zai yi sallama.

Ka jera su a ɗan soron ƙasa na gefen zaure, don ka ce ya fi ko'ina sanyi, sifirit ba ya saurin bushewa. Ka sa kwado. A nan ne nake ganin laifinka, kuma zan faɗa maka ko da kana kabari. Sau nawa na ce ka kira 'yan'uwanka ka nuna musu abin da ke ciki? Sai ka ce, "Wa zai zauna sauraron zancen ƙwaro? Dariya za su yi mini." Kunyar dariya ka ji, Malam. Da ma dariyar suka yi.

Farkon damina ka tafi Dangoma, ka ɗaga wani ruɓaɓɓen kututture, kububuwa na kwance a ƙarƙashi. An kai ka asibiti, an yi abin da za a iya, jini ya ƙi tsayawa. Ba zan rubuta abin da idona ya gani a kwanakin nan ba. Kafin bakinka ya yi nauyi ka ce mini, "Ki riƙa duba kwalabe, kada su bushe." Na ji haushi a lokacin, wallahi, ina tsaye a kanka da ɗiyarka amma kwalabe ka tuna. Daga baya ka yi kalmar shahada, na gode wa Allah.

Ko kwalaben ban samu dubawa ba. Manya suka ce duk abin da ka bari a rufe shi sai ranar rabon gado, aka damƙa makullin a hannun Yaya Haliru.

Bari in tuna wa masu karatu wane ne Yaya Haliru, kai ba ka bukata. Shi ya goya ka da mahaifinku ya rasu. Shi ya riƙa kai ka makaranta a bayan keke, ya koma gona. Shi ya wanke gawarka, ya shiga kabarinka da ƙafar nan tasa da ke kumbure, aka ce ya bari ya ƙi. Ƙafar ta daɗe tana wahalar da shi, miki ya ƙi warkewa, ya je asibiti ya je wurin masu magani. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa ce masa hannu aka sa masa, kuma daga cikin gida. Ka san abin da ya amsa a lokacin, a gabanka ya faɗa: "Ni ba ni da maƙiyi cikin gidanmu."

Ranar da aka buɗe soron da hantsi, ina ɗaki bayan labule ina jin su. Na ji an yi tsit. Na leƙa, sai ga Yaya ya fito tsakar gida da kwalba ɗaya, ya ɗaga ta ga rana. Karatun bokonsa na yaƙi da jahilci ne, harafi-harafi yake haɗawa. Ya haɗa har ya kai ƙarshe, ya ji sunansa a bakinsa. Ga takarda da sunansa, ga kunama a kwance kusa da ita, an toshe baki. Sandarsa ta faɗi, ya zauna a ƙasa.

Ba zagi ya yi ba, Malam. Da zagi ya yi da na iya da shi. Cewa ya yi, "Mi na yi wa Sanusi?" Ya sake faɗa, ya sake, kamar mai tambayar hanya.

Na manta da takaba, na fito har bakin ƙofa ina bayani. Na ce ba kunama ba ce, a dubi bayanta, ba ƙari. Na ce sunan rumbu ne aka rubuta, ba na mutum ba. Na ce akwai na itace, akwai na dutse, su ma an yi musu sammu ke nan? Baffanku ya daka mini tsawa in koma ciki, mace mai takaba ba ta tsayawa gaban maza tana ɗaga murya. Na koma, amma ban yi shiru ba, ta bayan labule na ci gaba har muryata ta dushe.

Sai Yaya ya tuna. Ya ce lalle Sanusi ya taɓa zuwa Kambaza ya shiga rumbunsa, ya share ƙurar ƙasa ya zuba a buhu ya tafi da ita, kuma a shekarar ce ƙafa ta fara. Na ce rumbun wa ne Sanusi bai share ba a ƙasar nan? Ashe ramin na ƙara zurfafawa. Aka koma soro aka yi ta fito da kwalabe ana karanta sunaye. Kafin la'asar labari ya kai Malisa. Malam Audu mai akurki ya aiko cewa shi ma kajinsa sun ƙare a bara, yanzu ya gane.

Na yi wani kuskure don neman gyara. Akwai wadda ka samo a tsagar bangon rumbun Yaya, wadda ka ce ba ta yi kama da ta cikin hatsi da aka sani ba, kana zaton ba a taɓa rubuta ta a littafi ba. Ka ce mini in ta tabbata sabuwa ce, sunan Yaya za ka sa mata, duniya ta riƙa faɗarsa, don shi ya kai ka makaranta. Na aika aka gaya masa haka, ina zaton zuciyarsa za ta yi sanyi. Aka dawo mini da amsarsa: "Har suna zai raɗa wa kunama da sunana?"

Na kira Malam Isiyaku abokin aikinka a waya. Allah ya saka masa, washegari ya taho daga Kalgo. Ya durƙusa gaban Yaya ya yi bayani dalla-dalla, ya rantse, ya ce aikin shekaru ne kuma babu irinsa a wani wuri, a ba shi ya tafi da su in ba a son ganinsu. Yaya ya saurare shi har ƙarshe, ka san shi da ladabin baƙo. Sannan ya ce, "Malam, in ilimi ne, mi ya kai sunana cikin kwalba?" Baffa kuma ya ce in aka bari suka fita gidan, abin na nan da ransa ke nan, ƙonawa za a yi.

Da Malam Isiyaku ya ga ba makawa, sai ya ce to don Allah kowa ya ja baya, ruwan nan wuta yake kamawa. Wani a cikin taron ya ce, kun ji ko, shi ma ya san abin da ke ciki.

A tsakar gida aka haƙa rami, daidai inda kake shimfiɗa farin zanena. Aka yi ta fasa kwalabe a ciki ana karatu. Ina jin ƙarar kowace ɗaya daga ɗaki. Na Dangoma, na Malisa, na fadama, na tudu, wadda ka sha rana a kanta da wadda ka sha ruwan sama, duk aka gauraya. Da aka ƙyasta ashana, wutar ta tashi shuɗiya, ba hayaƙi, a hasken rana ma da ƙyar ake ganinta. Baffa ya matsa don ya duba ko ta kama, sai gefen rigarsa ya ɗauka. Wuri ya kaure da a'uzu billahi. Mata suka kwashe yara. Malam, ni na san wutar sifirit ce, na sha ganinka kana kunna 'yar fitilarka da shi. Amma ko ni da na ga fuskokinsu na san an gama, ba bayanin da zai sake shiga kunnen kowa.

Bayan haka ƙafar Yaya ta fara sauƙi. A watan ne aka canza masa magani a asibiti, kuma ya daina shiga ruwan fadama, amma ba mai lissafa wannan. Mikin ya fara haɗewa, ya ajiye sanda. Na yi masa murna, Allah ya sani, don mutumin kirki ne. Amma duk takun da ya yi ba sanda, a kan sunanka yake takawa. Yaran unguwa sun daina zuwa kiran Inno makarantar allo, ita kaɗai take tafiya.

Duk da haka bai yanke mana hatsi ba. Daga rumbun nan nasa na Kambaza yake aiko mana da gero, ya ce marainiya ba ta da laifi. Rannan ina bakace a faifai, sai na ga wani ɗigo ya ja da baya. Na ajiye faifan. Na ɗauko gilashinka, shi kaɗai ya tsira don a aljihun rigarka yake ranar da aka kawo ka. Ita ce, da ranta. Mace ce, tana ɗauke da 'yar jakar ƙwai a ƙasan cikinta, yadda ka taɓa nuna mini.

Na ce Allah ya kawo mini shaida. Na sa ta a farin ƙyalle, na aika a roƙi Yaya ya zo bakin ƙofata. Ya zo. Na turo masa ƙyallen da gilashin ta ƙarƙashin labule, na ce, Yaya, dubi, daga cikin geronka ta fito, ba wanda ya sa ta a kwalba, a rumbunka take zaune tana cinye maka ƙwarin hatsi, abin da ƙanenka ya je nema ke nan.

Ya daɗe a duƙe yana kallo. Na ga hannunsa yana bin ta da gilashin in ta matsa, daidai yadda kake yi, har wuyansa irin naka. Na ce a raina yau za a wanke ka.

Ya ɗago ya ce, "Ashe bai tsaya ga kwalba ba. Har cikin rumbun ya zuba su." Ya sa babban yatsa ya murje ta a kan ƙyallen.

Sannan ya fashe da kuka, dattijo da furfura, a bakin ƙofata. Ya ce, "Rabi, ƙanena ne, ni na goya shi. Ban san mi ya shiga kansa ba. Na yafe mishi duniya da lahira. Allah ya gafarta mishi abin da ya yi min." Yana nan a duƙe yana jiran in ce amin.

Malam, wace mace ce za a roƙa wa mijinta gafara yana kabari ta ƙi cewa amin? Na tsaya, yana ta jira yana share hawaye da hannun riga. Na ce amin.

Kafin sati ya zagayo an kai maganar kasuwa: ai ko matarsa ta amsa cewa ya aikata.

Shi ya sa na rubuta wannan a inda kowa zai gani. Ban amsa ba. Mijina bai yi wa kowa sammu ba. Ƙananan halittun Allah ne ya bi gida-gida yana rubuta inda suke zaune, kuma a cikin duk sunayen da ya rubuta babu wanda ya so kamar na yayansa. Kwalabe sun tafi, ba ni da abin nunawa sai ƙyalle mai ɗan tabo, na ninke shi na ajiye tare da gilashinka. Ban iya duba maka su ba kamar yadda ka ce, ka yi haƙuri.

Ina kewarka, Baban Inno. Rariyata tana rataye inda na bar ta, ba mai ɗauka.

Allah ya ƙara wa Yaya Haliru lafiya, ya nuna masa gaskiya tun yana da rai, in kuma bai gani a nan ba, ya haɗa ku a inda za ka yi masa bayani da bakinka. Allah ya raya Inno da sunan ubanta a wanke. Kai kuma Allah ya haskaka kabarinka, ya gafarta maka laifuffukan da ka yi, akwai su, ni matarka ce na san wasu. Wannan dai ba ya ciki.

Taka har mu sadu,
Rabi, Maman Inno,
Gwandu.